A horar da gwaggonninmu su riƙa sauraron masu damuwa

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana a kan ciwon nan da muke cewa "tunani ya yi masa yawa".

Mutum ba barci, ba cin abinci, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa, an je asibiti an auna jini ba maleriya ba taifot, sai a miƙa masa farasitamol a ce ya je ya huta. A gida kuma yana buɗe baki kafin ya kai aya an tare shi da ka yi haƙuri ka bar wa Allah, shikenan zance ya mutu. Ba mai ja da haƙuri, amma wallahi sau da yawa mai faɗar ya gaji da sauraro ne kawai.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, mu kuwa mun haura miliyan 200. Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, toh madalla, amma doka ba za ta zauna da matar da kishi da talauci suka hana ta runtsawa ba.

A Zimbabwe wani likita, Dakta Dixon Chibanda, ya fara wani tsari a 2006 a unguwar Mbare cikin Harare. Benci kawai aka ajiye a harabar ƙananan asibitoci, aka horar da tsofaffin mata su zauna da mai damuwa kamar sau shida, ba wa'azi ba faɗa, su bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan su taya shi jera matsalolin, ya zaɓi guda ɗaya wadda zai iya taɓawa a satin nan, ya dawo ya faɗi yadda aka yi. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Mu me muka rasa? Ga ungozomomi, ga malaman Islamiyya mata, ga gwaggo da inna a kowane lungu. A koya musu wannan, a haɗa da dabarun natsuwa masu sauƙi: shaƙar numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo don bugun zuciya ya sauka, da lura da tunani idan ya zo ba tare da an bi shi har asuba ba. Mu ma ai Manzon Allah (SAW) ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, sirri. In maganar benci ta fita gidan biki ko guruf ɗin WhatsApp, ba wanda zai sake zuwa, don haka zaɓen matan sai an yi tsanani. Wanda kuma ya fara zancen kashe kansa ko yana jin muryoyi, wannan ya wuce benci, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ba jira.

Ina roƙon hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu su gwada ko a ƙaramar hukuma ɗaya ce, mu ga abin da zai biyo baya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya