Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Gasar Wasannin Afirka da Aikin da Ta Haifar a Filinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma uban ƙungiya, shugaba da mataimakinsa, iyayenmu dattawa, malamanmu, da 'yan uwa mambobi na gida da waɗanda ke ci-rani a Kano da Abuja da Legas, waɗanda wannan rahoto zai riske su ta waya.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ta raya wasanni ya tanada, magatakarda ne ke gabatar da bayanin ayyukan shekara, ma'aji kuma ya biyo baya da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, don haka ba zan taɓa maganar kuɗi ba sai inda ta zama dole. Wanda ya bi tarukanmu na bana ya san cewa kusan duk abin da muka yi ya samo asali ne daga abu guda, wato gasar Wasannin Afirka karo na 13 da aka yi a ƙasar Gana, shi ya sa na ga ya dace in fara daga can kafin in dawo gida.

An shirya yin gasar ne tun a 2023, kuma sunan wannan shekarar take ɗauke da shi, amma rashin kammala filaye da saɓanin da aka samu tsakanin hukumomin da ke da hannu a shirya ta suka sa aka ɗage ta, aka yi ta daga 8 zuwa 23 ga Maris, 2024, a biranen Akra da Cape Coast. Kwana uku da buɗe ta muka ɗauki azumi, don haka kwamiti ya yanke shawarar cewa ba za a yi kallo da rana ba. Sai an idar da asham ake fito da talabijin a ƙofar gidan shugaba, a haɗa ta da batirin sola, a jona mata wayar ɗaya daga cikin matasanmu, a kalli abin da aka ɗauka na wasannin ranar. Sau da yawa intanet kan tsaya ana tsakiyar gudu, yaron da ke riƙe da wayar ya hau kan katanga yana neman sabis, jama'a kuma su yi tsit suna jira. Duk da haka babu daren da tabarmi ba su cika ba. Har baban uban ƙungiya, wanda mahaifinsa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya sa an kawo masa kujera, ya ce yana son ganin ƙasar da ya taso yana jin labarinta.

Sakamakon da Najeriya ta samu abin alfahari ne. Ta zo ta biyu a teburin lambobin yabo da zinariya 47, jimillar lambobinta kuma kimanin 120, bayan Masar wadda ta haura zinariya 100, sannan Afirka ta Kudu ta zo ta uku. A guje-guje da tsalle-tsalle, Tobi Amusan ta lashe gudun tsallake shinge na mita 100 karo na uku a jere, Ese Brume ta ci dogon tsalle, Chukwuebuka Enekwechi ya ci jifan dalma, Chidi Okezie kuma ya ci gudun mita 400. Ɗaga ƙarfe da damben zamani sun kawo zinariya masu yawa. A ƙwallon ƙafa ta mata, 'yan matanmu sun kai wasan ƙarshe, mai masaukin baƙi ta doke su da ci 2 da 1, suka dawo da azurfa. Ga matasanmu da ba su san tarihin gasar ba, an fara ta ne a Brazzaville a 1965, Najeriya ta karɓi baƙuncinta a Legas a 1973 da kuma Abuja a 2003, inda ta zo ta ɗaya, a Rabat ta Maroko kuma a 2019 ta biyu ta zo kamar bana.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kokawa. A kwanakin farko na gasar, dab da kama azumi, matan Najeriya shida suka shiga ajin nauyi shida, kuma kowaccensu ta fito da zinariya: Mercy Genesis, Christiana Ogunsanya, Odunayo Adekuoroye, Esther Kolawole, Blessing Oborududu da Hannah Reuben. Mun maimaita kallon waɗannan karawa har sau uku bisa buƙatar dattawa. A dare na ukun ne tsohon sarkin kokawarmu, wanda a zamaninsa ya yi kaye a filayen Ringim da Gumel har zuwa Maigatari, ya juyo ya dubi shugaba ya ce: "Malam, wannan kamun ƙafar ai namu ne. To ina 'ya'yanmu?" Babu wanda ya ba shi amsa a wurin, amma tambayar ce ta zama ajandar taronmu na bayan sallah.

A wannan taro malamin motsa jiki na makarantar sakandaren da ke kusa da mu, wanda mamba ne, ya yi mana bayanin da ya buɗe mana ido. Ya ce jihar Bayelsa, inda Oborududu ta fito, ita ma kokawar gargajiya gare ta kamar mu, kuma Daniel Igali, wanda ya ci wa Kanada zinariya a gasar Olamfik ta Sydney a 2000 kafin ya dawo gida ya jagoranci hukumar kokawa ta ƙasa, ɗan ƙauye ne daga can. Abin da suka fi mu shi ne sun gina gada tsakanin filin ƙauye da katifar gasa: suna auna yaro, su san ajinsa, su koya masa dokokin zamani tun yana ƙarami, su kai shi inda masu zaɓe za su gan shi. Mu kuwa ɗan kokawarmu yakan yi tashe shekara biyar ko shida, a yi masa kiɗa da kirari, a ba shi rago ko keke, daga nan ya yi aure ya koma gona, ba wanda ya taɓa rubuta sunansa a takarda. A ganina, kuma kwamiti ya yarda da haka, matsalarmu ke nan, domin ƙarfi da zuciya Allah ya hore wa yaranmu su.

Matakin farko da muka ɗauka shi ne awo. Ba mu da sikelin mutane, sai muka roƙi ɗan uwanmu mai sayen riɗi ya ara mana nasa, muka kafa shi a ƙarƙashin darbejiyar makarantar firamare ranar wata Asabar. Kowane yaro ya cire takalmi ya hau, ni ina rubuta suna da nauyi da sunan mahaifi da unguwa a littafi. A nan muka gane cewa wasu da muke haɗawa a fili akwai tazarar kusan rabin buhu tsakaninsu, kuma wani siririn yaro da kullum ake kayarwa, da muka haɗa shi da tsaransa a nauyi, babu wanda ya iya kai shi ƙasa. Mahaifinsa da ya ji labari ya zo da kansa ya yi wa ƙungiya godiya. Wannan littafi yanzu shi ne babbar kadarar ƙungiya, kuma ina roƙon duk wanda zai gaje ni ya riƙe shi da kyau.

Mataki na biyu shi ne katifa. Ta gasa ta fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba, don haka muka karɓo ƙaiƙayin shinkafa daga wurin masu injin casa, muka cika buhuna, mata suka ɗinke bakinsu, muka jera su a cikin tsohon ɗakin ajiya da mai unguwa ya ba mu aro, muka shimfiɗa tamfol a kai, tela ya zana da'ira da jan ƙyalle. Ba ta kai ta Akra ba, amma yaro yana faɗuwa a kanta ya tashi lafiya. A kanta malamin ya shafe damina yana koyar da dokoki ranar Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da babu makarantar allo. Abin da ya fi ba yaran wuya shi ne sabon ma'anar kaye. A wurinmu da zarar ka kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A kokawar zamani kuwa turmi biyu ake yi, kowanne minti uku, ana tara maki, kuma karawa ba ta ƙarewa kafin lokaci sai an danne wa mutum kafaɗunsa duka biyu a katifa ko an ba shi tazarar maki 10. Makonni da dama yaranmu na yin kaye mai kyau sannan su saki abokin karawa su ɗaga hannu, shi kuma ya juyo ya kama su ta baya. Sai wajen ƙarshen damina wannan ɗabi'a ta fara barin su.

Bayan an kai amfanin gona gida muka yi gasar kaka kamar yadda muka saba, da gayyatar ƙauyuka maƙwabta, dagaci kuma ya halarta. Bana mun raba ta gida biyu: da la'asar aka yi ta gargajiya da kiɗanta da kirarinta, ba mu rage mata komai ba, washegari da safe kuma aka yi ta zamani bisa ajin nauyi. Wasu dattawa sun nuna damuwa cewa sabuwar za ta kashe tsohuwar. Ina girmama wannan damuwa, amma abin da idona ya gani shi ne yaran da suka yi damina a kan buhunan ƙaiƙayi su ne suka fi burge jama'a a filin gargajiya, domin numfashinsu ya ƙaru, kamunsu ya yi tsabta. An kuma yi langa da gudun mita 100 na 'yan firamare, wanda muka auna filinsa da igiyar magina.

Ba duk abin da muka taɓa ne ya yi kyau ba. Ganin lambobin da aka samu a ɗaga ƙarfe ya sa wasu matasa suka zuba siminti a gwangwanaye suka soka rodi, suka fara ɗagawa ba tare da mai koyarwa ba, har ɗayansu ya gurɗe a kafaɗa, ya rasa noman farko gaba ɗaya. Ƙungiya ta taimaka da kuɗin magani, kuma kwamiti ya dakatar da wannan wasa har sai mun samu wanda ya san shi. Laifin namu ne na shugabanni, domin mun ga suna yi mun yi shiru. Haka nan mun rubuta takarda zuwa wani ofishi muna neman a turo mana mai horarwa ko da sau ɗaya a wata, mun koma sau uku, kullum a ce mai sa hannu ba ya nan, kuma har yau ba mu samu amsa ba. Sai kuma matsalar takardun haihuwa: gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce, ba a shiga sai da shaidar shekaru, amma da muka bincika, yawancin yaran da ke littafinmu ba su da ita. Mun fara bin iyaye gida-gida kan wannan, kuma muna roƙon limamai su taya mu faɗakarwa.

Maganar 'yan mata ta ɗauki zama biyu. Tun da dukkan zinariyar kokawa shida da muka kalla mata ne suka ciyo su, wasu mambobi sun ga bai dace mu yi kamar ba mu gani ba, wasu kuma sun ce tarbiyyarmu da addininmu ba su yarda 'ya mace ta fito fili gaban maza ba. An yi muhawara cikin mutunci, aka tsaya a kan cewa ƙungiya ba za ta shirya wa mata kokawa ba, amma za ta tallafa wa gudu da tsalle a cikin harabar makaranta, ƙarƙashin kulawar malama mace, da sutura cikakkiya da yardar iyaye. An fara a zangon karatu na ƙarshe, kuma malamar ta shaida mana cewa akwai yarinya guda da ta kamata a sa wa ido.

Ya kamata mambobi su san iyakar abin da muke fata. Najeriyar da ta zo ta biyu a Afirka a watan Maris, ita ce ta je gasar Olamfik ta Faris bayan 'yan watanni ta dawo ba lamba ko ɗaya, wanda ke nuna nisan tafiyar ko ga waɗanda suka riga suka yi suna. Gasar Wasannin Afirka ta gaba a Masar za a yi ta a 2027, kuma ba zan yaudare ku in ce ɗanmu zai je ba. Burin kwamiti na shekara mai zuwa shi ne yara uku ko huɗu daga littafinmu, da takardunsu a hannu, su tsaya a gaban masu zaɓen 'yan wasan jiha a Dutse.

Don cimma wannan, kwamiti na neman amincewar taro a kan sayen sikelinmu na kanmu, domin mai riɗi yana buƙatar nasa a daidai lokacin da muke buƙatarsa, da sauya tamfol ɗin da ya yage, da ware kuɗin motar zuwa Dutse. Muna godiya ga dagaci da mai unguwa, da malamin da bai karɓi ko sisi ba, da matan da suka ɗinka buhuna, da 'yan ci-rani da suka riƙa turo kuɗin data a watan azumi. Allah ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Za a sake awon yara ranar Asabar ta farko bayan wannan taro, da hantsi, a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, kuma ana roƙon kowane uba ya zo da ɗansa da kansa.

Wassalamu alaikum.
Magatakardan ƙungiya