Wasiƙar Godiya ga Ofishin Sakataren Ikilisiyarmu kan Taron Fentikos na Bana

Zuwa ga Baba Sakatare da dukan ma'aikatan ofishin ikilisiyarmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Ina fata kun huta gajiyar taro, ku da iyalanku da suka yi haƙurin rashinku a gida tsawon makonnin shiri.

Na so in zo ofis in yi muku godiya baki da baki, amma na san yadda nake a 'yan watannin nan, da na buɗe baki hawaye ke riga maganar fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma ga ya dace in sa wasiƙar inda kowa zai karanta. Ranar rufe taro an gode wa masu wa'azi, an gode wa mawaƙa, jama'a suka yi tafi, kuma sun cancanta. Ku kuwa a lokacin kuna can bakin ƙofa kuna tattara kayan da mutane suka manta, kuna neman wanda zai raka tsofaffi zuwa mota. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin bai nema ba.

Maigidana ya yi barci cikin Ubangiji wata bakwai kafin taron nan. Shekara 31 muna zuwa taron Fentikos tare, ban taɓa cika takardar rajista da hannuna ba. Shi yake cikawa, ya sa sunansa a sama, nawa a ƙasa. Da takardar bana ta iso, na ninke ta na cusa a cikin Littafi Mai Tsarki, ban sake duba ta ba. Na riga na yanke a raina ba zan je ba. Ba fushi nake yi da Allah ba, ba kuma da kowa ba. Kujerar da ke gefena nake tsoro, wadda za ta yi kwana uku babu kowa a kanta.

Saura mako uku a fara taro sai wayata ta yi ƙara. Baba Sakatare, kai ne da kanka. Ka ce, "Mama, barka da yini. Muna duba jerin waɗanda suka yi rajista, ba mu ga sunanki ba. Lafiya dai ko?" Na ce maka bana ku yi mini haƙuri. Na zaci za ka buɗe mini aya ka yi mini wa'azi, don a lokacin kowa da ayar da yake kawo mini. Sai ka yi shiru kaɗan, sannan ka ce, "Ba zan matsa miki ba, Mama. Amma zan ajiye miki wurin kwana har ranar ƙarshe. In kin zo, wurinki na nan. In ba ki zo ba, za mu ambaci sunanki a addu'a." Iyakar maganar ke nan. Da na ajiye wayar na daɗe a zaune ina juya abu ɗaya a raina: ashe akwai wanda ya bi jerin nan suna bayan suna, har ya lura da wanda babu.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar Lahadi, na sha gaya wa yara asalin wannan idi. Tun kafin ya zama ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, Isra'ilawa suna yinsa da sunan Idin Makonni, mako bakwai bayan Idin Ƙetarewa, ɗaya daga cikin idi uku da ake haɗuwa a gaban Ubangiji kowace shekara. Sunan Fentikos ma daga Girkanci yake, ma'anarsa na hamsin. Duk na san wannan. Amma a daren ranar da ka kira ni, da na zaro takardar rajistar, na koma Maimaitawar Shari'a sura 16, na karanta aya ta 11 da wani ido daban. A nan ne aka lissafa waɗanda za su yi murna a idin: kai da ɗanka da 'yarka, da barorinka, da Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Na koyar da ayar nan ban san sau nawa ba, kalmar ƙarshen ba ta taɓa tsayar da ni ba sai da ta zama sunana. Washegari na cika takardar.

Mun iso ranar Juma'a da daddare saboda motarmu ta samu matsala a hanya. Na ɗauka za mu tarar an tashi, sai ga teburin rajista da fitilarsa a kunne, wata 'yar budurwa daga ofishinku tana zaune da babban littafi, idonta ya yi ja don barci. Na faɗa mata sunana, ta bi layi da yatsa har ta same shi. Daga littafin bara aka kwafo jerin, saboda haka sunan maigidana yana nan a saman nawa kamar kullum. Ta fara karanta shi da ƙarfi, sai ta tsaya a tsakiya. Na ga biron yana rawa a hannunta. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, ki gafarce ni. In bar sunan Baba, ko in cire?" Na ce ta bar shi. Ba ta ja masa layi ba. Ta yi ɗan ƙaramin gicciye a gefensa, ta taso daga kujerarta, ta ɗauki jakata, ta raka ni har ɗaki, ta nuna mini gadon da aka ajiye mini a kusa da ƙofa don kada in sha wahalar fita da dare. 'Yata, ban tambayi sunanki ba a daren nan, zuciyata ta cika. In kin karanta wannan, ki sani tambayar da kika yi mini ta fi mini ta'aziyya da yawa da na ji. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki haka ranar da kike bukata.

Akwai abu ɗaya da kuka yi wanda da farko bai yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa don godiyar ta zama ta gaskiya. Ranar Asabar da safe, da aka raba mu ƙananan ƙungiyoyi don nazari da addu'a, na tarar ba ku haɗa ni da matan majami'armu ba. Kun gauraya mutane: tsoho da matashi, na birni da na ƙauye, wanda ya daɗe cikin bangaskiya da wanda aka yi wa baftisma kwanan nan. Ni kuwa na zo da niyyar in laɓe a cikin waɗanda suka san ni, don kada kowa ya yi mini tambaya. Har na tashi zan je in roƙi a sauya mini, sai na ga kunya ta hana ni.

A ƙungiyar tamu akwai wata dattijuwa da ba ta jin harshena, ni ma ba na jin nata. Wani saurayi da kuka sa a cikinmu yake yi mana tafinta. Da aka zo kan buƙatun addu'a, ta yi magana a hankali, kanta a sunkuye, saurayin ya juyo ya ce mana mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma a shekarar farko ba ta iya zuwa taro ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu na kama nata ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Daga nan har aka tashi taro ba mu rabu ba. In saurayin ba ya kusa, mukan zauna shiru kawai, ko ta rera wata waƙar sujada da harshenta, in gane muryar in bi ta da nawa. Daga baya na ji cewa rabon ƙungiyoyin ba a ka aka yi shi ba, kun zauna kun duba wa zai zauna da wa. Wannan aiki ne na mai kiwon tumaki, ko da a kan tebur da biro aka yi shi.

Mu masu zuwa taro mukan ɗauka zumunta tana faɗowa ne da kanta da zarar an tara mutane an ɗaga waƙa. Na daɗe ina ganin haka ni ma. Amma Ayyukan Manzanni bai ɓoye mana wahalar abin ba. A sura ta 1 masu bi wajen 120 ne. A sura ta 2, bayan wa'azin Bitrus a Urushalima, aka ƙara musu wajen mutum 3,000 a rana ɗaya, kuma taron da ya saurare shi ya haɗa mutanen Masar da Libiya da Mesofotamiya da Roma da Larabawa, kowa da harshensa. Muna son karanta aya ta 42, inda suka lazimci koyarwar manzanni da tarayya da gutsuttsura gurasa da addu'a. To, amma sura huɗu kacal a gaba gunaguni ya tashi, domin ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Girkanci wajen rabon yau da kullum. Manzannin ba su ce wannan ƙaramar magana ba ce. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci, cike da Ruhu da hikima, cikinsu har da Istifanas da Filibus da Nikolas mutumin Antakiya, aka yi musu addu'a aka ɗora musu hannu. Dukan bakwai ɗin sunayen Girkanci gare su, abin da ke nuna an saurari waɗanda suka yi kuka. Ni a ganina ofishi irin naku daga nan ya samo asali, daga ranar da ikilisiya ta ƙi yarda a manta da gwauruwa a cikin taro.

Ko kalmar da Girkanci ya yi amfani da ita don tarayya, koinoniya, Bulus ita ya kira gudummawar da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara wa matalautan Urushalima da ita, a Romawa sura 15. Wato zumunta tana da jerin suna, tana da lissafi, tana da wanda zai ɗauka ya kai. Hausawa ma sun ce zumunta a ƙafa take. A sura ta 16 kuma Bulus ya gai da mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, ya fara da gabatar da Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, can kusa da ƙarshe kuma magatakardansa Tartiyas ya sa baki ya ce shi ne ya rubuta wasiƙar, yana gaisuwa. Baba Sakatare, duk lokacin da na karanta ayar nan yanzu kai nake tunawa.

Na san kuma aikinku yakan fara tun daga lissafin rana. Fentikos ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti, Ista take bi, Lahadi ta bakwai bayanta, shi ya sa a kalandar da muke amfani da ita takan faɗo tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. Tun a majalisar Nikiya ta shekarar 325 shugabannin ikilisiya suka zauna kan batun ranar Ista don masu bi su riƙa yin idi tare. Ku kuma kowace shekara sai kun sake zama da kalanda, kun sanar da majami'u da wuri, kun nemi masauki da masu tafinta da masu kula da yara da masu duba marasa lafiya. Ba mu ga wannan duka ba. Mun dai zo mun tarar da komai a shirye.

Asabar da yamma, da aka karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin shekarar, na ji sunan maigidana cikakke, an furta shi daidai, ba a gaggauta ba. Dattijuwar nan tana riƙe da hannuna. Lahadi da safe aka karanta labarin saukowar Ruhu Mai Tsarki da harsuna dabam-dabam, da aka zo kan nata harshen ta miƙe tsaye fuskarta tana haske. Sannan aka yi Jibin Ubangiji. Kujerar da na yi wata bakwai ina tsoronta, ita ce a kai. Ta karɓi gurasar ta miƙo mini, na karɓi ƙoƙon na miƙa mata. Na yi kuka, amma ba irin kukan da nake yi ni kaɗai a ɗaki ba.

Ina da roƙo ɗaya ƙarami. A layukan baya sauti ba ya kaiwa sosai, na ga wasu tsofaffi suna kanga hannu a kunne har aka gama wa'azi. In za a iya keɓe musu kujeru a gaba baɗi, za su ji daɗi ƙwarai. Na faɗa ne don na ga ku masu saurare ne.

Mako ɗaya bayan mun dawo, wani ɗan'uwa daga ofishinku ya sake kirana ya tambayi ko na isa gida lafiya, ya kuma ba ni lambar saurayin nan mai tafinta, da izininsa. Ta hannunsa ni da dattijuwar nan 'yar'uwata muke gaisawa duk ranar Lahadi da yamma. Ta ce in gaya muku ita ma tana godiya.

Baba Sakatare, baɗi in Ubangiji ya kai mu, ina roƙo ka sa ni a teburin rajista na daren Juma'a. Idona bai kai na 'yan matan nan ƙarfi ba wajen bin layin littafi, amma zan iya zama a gefe in karɓi waɗanda suka iso a makare, in raka su ɗaki. Kuma idan lokacin kiran waya ya yi, ka ware mini sunayen waɗanda suka rasa miji ko mata a cikin shekarar, ni zan kira su.

Ubangiji ya sāka muku, ya ƙara muku ƙarfi, ya kiyaye gidajenku.

Taku cikin Kiristi,
'Yar'uwarku, tsohuwar malamar makarantar Lahadi