Data Ta Ƙare, Ga Wasiƙa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Na ji ƙorafinka cewa na yi shiru, kullum sai in ce data ta ƙare. To, yau datar ce ma ta sa na ɗauki biro.

Ka san na shiga ajin Latin a nan Jami'ar Ibadan. Makon jiya muka iso kan aikatau "dare", wato bayarwa (ba daren kwana ba!). Daga shi ake fitar da datus, data, datum, ma'ana wanda aka bayar. Ismul maf'ulin nan ne da Malam ya sha koya mana a zaure, kamar maktubu daga kataba. Mu ma muna da shi: dafaffe, dafaffiya, dafaffu.

Inda Latin ya sha bamban, jinsinsa uku ne. Datus namiji, data mace, datum kuwa ba namiji ba mace. Jam'in datum ɗin kuma data ne. Ka ga kalma ɗaya da fuska biyu: ko mace guda da aka bayar, ko tarin abubuwan da aka bayar. Sai jimla ta raba gardama. Ta biyun ce ta bi ta Turanci ta shigo wayoyinmu, mu kuma da muka ji "a" a ƙarshe muka mayar da ita mace. Abin da sunansa bayarwa, yau sai da kuɗi!

Akwai wani salo da ya burge ni. Marubutan Rum kan ce "signo dato", kalma biyu tak, mu sai mun ce "da aka ba da alama" kafin sojoji su afka. Ƙarshen kalmomin ne ya ɗauke nauyin "da aka". Sauran 'yan'uwan datus, dans mai bayarwa da daturus wanda zai bayar, ban gama haddace su ba tukuna.

Wai ka san "date" na Bature, wato kwanan wata, ma daga nan yake? A da idan an gama wasiƙa sai a rubuta "data Romae", an ba da ita a Rum, sannan a sa rana. Har yanzu takardun Paparoma da irin haka suke rufewa.

Ka gaida mutanen majalisa. Idan direba ya taso, a sako min kilishi.

Data a Sabo, Ibadan, daren Laraba.

Naka har kullum.