Amsa ga Ɗan'uwana Likita: Jinin da Ke Cikin Rumbun Bincike na Wane Ne?

Assalamu alaikum, ya ɗan'uwana likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a gaban jama'a ranar taronmu kan binciken lafiya, wadda ƙurewar lokaci ta hana ni amsa ta yadda ya kamata. Ka ce idan baligi mai hankali ya sa hannu a takardar amincewa ya ba da jininsa, da wane dalili shugabannin ƙabilarsa za su ce sai da izininsu za a adana jinin ko a binciki ƙwayoyin gadon da ke cikinsa? Ka ƙara da cewa ƙabilun asali na Amurka da suke ɗari-ɗari da irin wannan bincike kansu suke cuta, tunda magani ba ya samuwa sai da bincike. Tambayar tana da nauyi, kuma na san tausayin marasa lafiya ne ya sa ka yi ta.

Bari in fara da Havasupai, wata ƙaramar ƙabila ta mutum ɗaruruwa kaɗan da ke zaune a ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, inda ba a isa ƙauyensu sai a ƙafa, ko a kan alfadari, ko da jirgi mai saukar ungulu. Ciwon sukari ya addabe su, har ana yanke wa wasu ƙafa. Daga shekarar 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, su kuwa suka miƙa hannu da fahimtar cewa sanadin wannan ciwo ake nema. Binciken bai gano abin da ake fata ba, amma jinin ya ci gaba da zama a firiji, aka riƙa amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali, da auren zumunci a tsakaninsu, da kuma inda kakanninsu suka fito. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar, Carletta Tilousi, ta halarci gabatar da wani aikin digiri a jami'ar, ta ji da kunnenta abin da aka yi da jinin danginta. Ƙabilar ta haramta wa ma'aikatan jami'ar shiga ƙasarta, aka tafi kotu, kuma a 2010 aka yi sulhu: jami'ar ta biya dala 700,000 ga mutum 41, ta mayar da ragowar jinin.

Ka lura, ɗan'uwa, cewa takardar da ka dogara da ita tana nan a wannan shari'a. An sa hannu, kuma an rubuta ta da kalmomi masu faɗi waɗanda za su iya ɗaukar kusan kowane irin bincike, ga mutanen da da yawansu Turanci ba harshensu na farko ba ne. Wanda aka ba ajiyar hatsi domin shuka, ya ɗiba ya kai kasuwa, ba zai wanke kansa da cewa mai hatsin bai hana shi sayarwa a rubuce ba. Amana tana bin manufar da aka bayar da ita dominta ne.

Ga kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Gwajin zazzaɓin cizon sauro labarin mutum ɗaya yake bayarwa, amma ƙwayoyin gado labarin zuriya suke bayarwa: iyaye, da 'yan'uwa, da jikokin da ba a haifa ba. Idan ƙabila ba ta kai mutum dubu ba, jinin mutum ɗari biyu ya isa a yi magana a kan kowa da kowa a cikinta, har da wanda ya ƙi bayarwa. Da aka buga cewa kakannin Havasupai daga Asiya suka ƙetaro, an taɓa tarihin da suke koya wa 'ya'yansu cewa a wannan kwazazzabo asalinsu yake, kuma wannan tarihi yana da alaƙa da haƙƙinsu a kan ƙasar. Kai da ni mun san yadda kalma ɗaya a kan asalin wani gida, ko raɗe-raɗin cewa akwai taɓin hankali a zuriyarsu, take hana 'ya'yansu aure shekara da shekaru. Wanda abin zai shafa haka yana da haƙƙin a tambaye shi kafin a fara.

Akwai kuma abin da masu bincike kan ɗauka camfi ne. Mutanen Yanomami na dajin Amazon sun daɗe suna neman a mayar musu da jinin da aka ɗiba a jikin iyayensu tun shekarun 1960, domin a al'adarsu ba a barin komai na mamaci a duniya, kuma a 2015 aka mayar da dubban kwalabe daga Amurka suka yi musu jana'iza. Mu da muke binne mabiyiya da cibiyar jariri da kulawa, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Inda na yarda da kai shi ne cewa ƙin bincike yana da tsada. Al'ummar Navajo, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, ta dakatar da binciken ƙwayoyin gado a ƙasarta a 2002, alhali mafi yawan bayanan da ake gina sababbin magunguna a kansu daga Turawa aka samo su, don haka duk wanda ba ya ciki ana iya ba shi magani a kan ma'aunin jikin wani. Sai dai waɗannan al'ummomi ba su tsaya a kan ƙi ba. Mutanen San na Afirka ta Kudu, bayan wani bincike da aka buga a 2010 wanda shugabanninsu suka ce ba a tuntuɓe su ba kuma an kira su da sunan da suke ƙi, sun fitar da ƙa'idojinsu na bincike a 2017, inda mai bincike zai kawo buƙatarsa gabansu tun kafin ya fara. A 2018 masana daga ƙabilun asali na Amurka suka kafa nasu rumbun adana jini don bincike a ƙasar Cheyenne River Sioux da ke Dakota ta Kudu, domin jinin ya zauna a hannun masu shi. Wanda ya gina rumbu da hannunsa ba maƙiyin ilimi ba ne, makullin yake so ya riƙe.

Ban kawo wannan don nishaɗin sanin duniya ba. Shirin H3Africa, na binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka, ya kafa ɗaya daga cikin manyan rumbunansa a Abuja, kuma ciwon sikila kaɗai ya isa ya sa mu buƙaci wannan bincike fiye da yawancin ƙasashe. Amma mun ga yadda gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabon da aka riƙa ambato sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, yara kuma suka biya kuɗin wannan rashin yarda da ƙafafunsu.

Saboda haka, idan ka kawo takardar bincikenka a kan masu sikila, abin da zan nema a gani shi ne bayani da Hausa, ko Kanuri, ko Fulfulde, wanda zai faɗa wa uwar yaro shekara nawa za a ajiye jinin ɗanta, ko za a fitar da shi ƙasar waje, da wanda zai sake tambayarta idan wani ya so amfani da shi don wata manufa dabam, da kuma ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ran da ta ce a mayar mata da shi ko a lalata shi. Zan kuma so in ga mutanen garin a cikin kwamitin da ke riƙe da makullin firijin, da ƙuri'a irin taka.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a wannan aiki.