Zuwa ga iyaye: labarin tafiyar yaranmu Gombe Abba

Assalamu alaikum iyayen yara da masu riƙonsu, da fatan kuna lafiya, ya gida ya haƙuri da mu.

To alhamdulillahi tafiyar nan da muka daɗe muna ta maganarta dai ta yiwu, ranar Asabar da ta wuce mun kai 'yan aji uku na ƙaramar sakandare Gombe Abba kuma mun dawo da kowa lafiya lau kafin magariba, sai dai gajiya da ƙura. Mun gode wa duk wanda ya biya kuɗin mota a kan lokaci, da iyayenmu mata da suka haɗo mu da zoɓo da cincin, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa muka nace a kan tafiyar nan shi ne, da malamin tarihi ya tambaye su a aji wai ina ne Gombe ta farko, kusan dukansu cewa suka yi ai nan ce, wajen fadar sarki. Wallahi abin ya dame mu, yaran da aka haifa a Jekadafari da Bolari da Pantami amma ba su san cewa garin nan bai fi shekara ɗari da 'yan kai da zama gidan sarauta ba. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓo tuta a jihadin da aka fara 1804, can Gombe Abba a bakin kogin Gongola ya kafa birninsa, can ya zauna har ya rasu a 1841, can 'ya'yansa Sulaimanu da Muhammadu Kwairanga suka yi mulki bayansa. Sai da Turawa suka zo ne aka ɗauke fadar zuwa Nafaɗa a 1913, daga baya kuma aka dawo da ita Doma a 1919 zamanin Sarki Umaru, Doman nan kuwa ita ce Gomben da muke ciki yau.

Mun bi ta Dukku muka wuce, da muka sauka sai da muka fara zuwa gaida manyan gari tukuna, suka haɗa mu da wani dattijo ya zaga da mu. Yaran sun yi zaton za su ga manyan gine-gine irin na talabijin, to ba haka ba ne, gari ne shiru da gonaki da dabbobi suna kiwo. Akwai inda suka hau wani ɗan tudu mai tsawo suna ta ɗaukar hoto da wayar malama, sai Baba ya nuna ƙarƙashin ƙafafunsu da sandarsa ya ce ai kan ganuwa kuke tsaye. Nan fa suka yi tsit, suka fara bin tudun da ido suna ganin yadda ya lanƙwasa ya bi bayan gari. Wata yarinya ta tsinci ɓallin tsohuwar tukunya za ta sa a aljihun jaka muka ce ta mayar inda ta gan shi, don in kowa ya zo ya ɗauki ɗaya me na baya za su tarar. Gaskiya wurin yana bukatar kulawa, ruwan sama na cin ƙasar kowace damina, kuma tarihin duk a bakin tsofaffi yake, su kuwa kullum raguwa suke.

Wasu iyaye sun kira mu kafin tafiyar a kan zancen hubbaren Modibbo, kuma mun ji daɗi da suka fito fili suka tambaya. Neman ilimi ne ya kai mu. An cire takalma, an yi wa mamata sallama da addu'a yadda sunna ta koyar, ba wanda ya ɗebi ƙasa ko ya roƙi wani abu a wurin, yaran da iyayensu suka ce kada su shiga kuwa sun jira a inuwa tare da malama ba wanda ya takura musu. Bakin kogi ma daga nesa muka tsayar da su, ba wanda ya taɓa ruwa.

Yanzu ga inda muke neman taimakonku. Mun ba kowane yaro aikin gida, ya samu kakansa ko wani babba a dangi ya tambaye shi daga ina gidansu suka taso kafin su zo garin nan, kuma me ya kawo su, ya rubuta shafi ɗaya da Hausa ko Fulatanci ko Turanci duk wanda ya fi masa sauƙi. Don Allah kada ku rubuta musu, ku dai kai su ko ku buga musu waya su ji da kunnensu. Wanda asalinsu Tera ne ko Tangale ko Bolewa ko daga Kano aka zo fatauci duk muna so, don kowa da nasa labarin a tarihin nan. A kawo ranar Litinin ta sama.

Zango mai zuwa in Allah ya kai mu muna son kai su Mbormi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙinsa da Turawa a 1903, za mu tattauna kuɗin mota a taron iyaye da malamai na ƙarshen wata. Canjin da ya rage na wannan tafiyar yana wajen ma'aji za a karanta lissafinsa a taron. Akwai kuma hula ɗaya da gorar ruwa biyu da aka bari a bas, mai su ya zo ofis.

Wassalam,
Shugaban makaranta