Rahoton shekara na ƙungiyar ɗaliban ilimin laburare da bayanai

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Tsarin ƙungiya ya ce sakatare ya ba da bayanin abin da aka yi kafin a miƙa wa sababbin shugabanni, to ga nawa nan. Maganar shige da ficen kuɗi kuwa ma'aji zai kawo nasa rahoton daban.

Bari in fara da abin kunyar tunda namu ne. Ranar da muka karɓi aiki kwali ɗaya aka ajiye mana, babu jerin sunayen mambobi a ciki, takardun mitocin baya 'yan ƙalilan ne wasu ma ruwa ya taɓa su, fasuwod ɗin imel ɗin ƙungiya kuwa ya tafi da wanda ya gama karatu. Mu da kullum ake koya wa adana bayanai fa! Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi kenan. Makonnin farko a nan suka tafi, muka ɗauki hoton kowace takarda, muka jera su shekara-shekara a ma'ajiya ɗaya ta intanet, kuma yanzu mutum uku ne ke riƙe da fasuwod ɗin har da malamin da ke kula da ƙungiya.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma a ganina shi ne ya fi amfani, shi ne katalog ɗin littattafan kyauta da suka daɗe jibge a ɗakin karatun sashe ba wanda ya san me ke ciki. Mun ɗora Koha a wata tsohuwar kwamfuta, manhajar sarrafa laburare ce ta kyauta da aka fara a New Zealand a 1999, sunan ma a harshen Maori kyauta yake nufi, sai muka riƙa haɗuwa duk ƙarshen mako ana shigar da littattafai. A nan ne muka gane cewa haddace rukunai goma na tsarin Dewey na rarraba littattafai bisa fanni, daga 000 zuwa 900, don cin jarrabawa daban, a miƙo maka littafi a ce ba shi lamba kuma daban. Akwai ranar da aka kusa awa guda ana musu a kan wani littafin tarihin likitanci, wasu sun dage 900 za shi tunda tarihi ne, har sai da wata 'yar ajin ƙarshe ta buɗe jadawali ta nuna mana cewa tarihin wani fanni yana bin fannin ne, wato 610.9, kowa ya yi tsit. 'Yan aji ɗaya kuma 020 ce ta riƙa rikita su, a Dewey lambar fanninmu ce ta ilimin laburare, a MARC kuwa, wato tsarin guraben shigar da bayanan littafi a kwamfuta, gurbin ISBN ne, lambar shaidar littafi, sai ka ga mutum ya zuba lambar Dewey a inda bai kamata ba. Yanzu dai ko daga barci ka tashe su za su ce maka a MARC gurbin marubuci 100, na sunan littafi 245. Wasu ma sun ɗauka kuskuren bugawa ne da suka ga ISBN mai lamba 10, sai da aka yi musu bayanin cewa daga 2007 ne aka koma 13. Ba mu gama ba, amma abin da aka shigar ana iya nemo shi a kwamfuta a je kanta a ɗauko.

Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, wadda UNESCO ta ware tun 1995, mun baje kolin littattafai a ƙofar sashe. An zo, an ɗauki hotuna, an watse. A gaskiya ban ga abin da ya saura bayanta ba.

Na watan Oktoba ya fi armashi, makon buɗe ilimi kyauta. Mun nuna wa masu rubuta firojet yadda ake neman mujallu a DOAJ, shafin da ke tattara mujallun ilimi na kyauta, ba tare da an biya komai ba, da yadda manhajar Zotero ke jera madogara da kanta, ɗaki ya cika har da 'yan wasu sassa saboda kowa ya san wahalar jera madogara da hannu a daren miƙa aiki. A Janairu kuma mun shiga gangamin 1Lib1Ref na Wikipedia, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ko da ɗaya ce a wata maƙala, wasunmu a ta Hausa suka yi nasu.

Ɓangaren ƙwararru, sau biyu muka gayyato waɗanda ke bakin aiki, ɗaya daga laburaren jami'a ɗaya daga ma'adanar takardun tarihi, kuma duka biyun abu ɗaya suka nanata, kada mutum ya jira sai ya karɓi satifiket kafin ya shiga ƙungiyar ƙwararru ta ƙasarsa, don a tarukansu ake jin labarin guraben aiki da horo. Sun kawo misalin IFLA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburarori ta duniya, da aka kafa a Edinburgh a 1927, hedikwatarta na Hague, ita ma tana karɓar ɗalibai. Mun raba fom amma waɗanda suka cike ba su da yawa, wannan kam laifinmu ne da ba mu bi sawu ba.

Ziyarar da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, mujallar ƙungiya ma haka, maƙaloli sun taru amma ba wanda ya zauna ya tace su. Halartar mitin kuwa sai a hankali, in an ce akwai aikin hannu a kwamfuta sai a cika, in zaman tattaunawa ne sai shugabanni su kaɗai suna kallon juna. Ina ba masu zuwa shawara su rage mitin su ƙara ranakun aiki.

Kwalayen da ba a shigar ba suna ƙarƙashin teburin da ke kusa da taga, an rubuta "saura" a jikinsu. Makullin ɗakin da littafin rijista zan miƙa su ranar rantsar da sababbin shugabanni in sha Allah.

Sakataren ƙungiya