Mun yanke wa sabon Superman hukunci tun ba mu gan shi ba

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Zancen fim ne, fim ɗin ma na Amurka, wato Superman da James Gunn ya rubuta ya kuma ba da umarni, wanda ya fito ranar 11 ga Yulin 2025. Na san akwai mai karatun da zai ce ana fama da kuɗin masara wani yana zancen mutum mai tashi sama da jar alkyabba. Bai yi ƙarya ba. Sai dai shafinku na nishaɗi ne ya taɓo maganar, kuma yadda ya taɓo ta ne ya hana ni yin shiru. An kwaso abin da ake jifan juna da shi a X da Facebook an jera, aka ce wai ra'ayin 'yan kallo ke nan. Ni ina cikin masu wannan jifa, kuma na san lokacin da muka fara ɗaukar duwatsu ko minti ɗaya na fim ɗin ba a ɗauka ba.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara da nawa. Ni ɗan ga-ni-kashe-nin Henry Cavill ne, jarumin da ya fito a Superman kafin wannan sabon. A 2013 na sayi faifan Man of Steel a kasuwa, irin wanda hotonsa ke rawa kuma ake jin tarin wani a ciki, amma duk da haka na kalle shi har ya fara sarƙewa. A wurina wannan shi ne Superman: ƙirji kamar bango, fuska ba wasa, idan ya tashi sama sai ƙasa ta tsage. Da Cavill ya leƙo a ƙarshen fim ɗin Black Adam a watan Oktoban 2022, ya kuma sanar da bakinsa cewa ya dawo, zaurenmu na WhatsApp kamar ranar Sallah. Ba a cika wata biyu ba, cikin Disamba, ya sake fitowa ya ce maganar ta rushe, saboda an damƙa DC Studios, sashen kamfanin Warner mai shirya fina-finan su Superman, a hannun James Gunn da Peter Safran, su kuma sun ce za su share fage su sake gini daga tushe. A daren nan mutum bakwai a zaurenmu muka yi alkawarin ba za mu kalli duk abin da Gunn zai fitar ba. Ni ne ma na kawo shawarar.

Daga nan komai aka fitar laifi ne. A watan Yunin 2023 aka ce David Corenswet ne sabon jarumin, muka ce wane ne kuma wannan, a ina aka tsinto shi. A watan Mayun 2024 aka saki hotonsa na farko yana zaune yana saka takalmi, muka ce rigar ta yi masa tattara kamar ta aro. Da muka ga an dawo da jan kamfai a kan wando, wanda Zack Snyder, mai ba da umarnin Man of Steel, ya cire tun 2013, sai dariya ta samu. Tallar farko kuwa da ta fito a Disambar 2024 ita ta ƙarasa mu: ga Superman kwance cikin dusar ƙanƙara jina-jina, ya yi fito, wani farin kare ya zo ya ja shi gida. Muka ce namu ba a taɓa jan sa a ƙasa ba, balle kare. Duk wannan fa wata bakwai kafin fim ya fito.

Wanda ya fara sanyaya mini jiki yayana ne, kuma ba da niyya ya yi ba. Ya ji ina ta kumfar baki, sai ya ce, "Kai yaro, irin abin da kake faɗa yau shi na faɗa a kan naka." Shi da Christopher Reeve ya tashi, na fim ɗin 1978 da Richard Donner ya ba da umarni, a kaset ya kalle shi gidan maƙwabta ana zaune a kan tabarma. Ya tuna mini cewa a 2013 masoyan wancan zamani sun ce Cavill ba ya murmushi, sun ce an mayar da fim ɗin duhu kamar gidan makoki, sun ce faɗansa da mugun fim ɗin, Janar Zod, ya rusa rabin birni bai waiwayi mutanen ciki ba, sannan ya karya wuyan Zod, alhali Superman ɗin da suka sani ba ya kisa. Wato abin da ni nake kira asali, a wurinsa bidi'a ce. Reeve ɗin ma ai ba shi ne farko ba. Tun 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da wannan gwarzo a mujallar zane, kuma kafin Reeve an yi wasu, tsakaninsa da Cavill ma an yi Brandon Routh a 2006 wanda yanzu ba mai ko tuna shi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ina ganin ba jarumin muke karewa ba, shekarun da muke da su lokacin da muka fara ganinsa muke karewa.

Kuma wannan hali ba a kan Superman aka fara shi ba. Da aka ba Michael Keaton Batman na 1989, wasiƙun ƙorafi dubbai aka aika wa kamfanin Warner, wai ɗan barkwanci ne. Da aka ce Heath Ledger zai fito a Joker, abokin gabar Batman, an yi masa ba'a son rai, daga baya rawar da ya taka ta ci lambar Oscar a 2009, bayan rasuwarsa. Ben Affleck ma da aka ba shi Batman a 2013 har takardar koke aka yi ta sa wa hannu a intanet a cire shi, kuma abin mamaki, da yawa daga cikin masu kukan a dawo da shi yanzu 'yan ɓangarenmu ne. Mu a nan gida ma duk mai bin fina-finai masu dogon zango na Kannywood ya san yadda ake tashin hankali idan aka canza jaruma a tsakiyar labari, sannan bayan mako shida kowa ya saba.

Amma kada in zalunci 'yan'uwana. Akwai dalilin da ya sa muryarmu ta fi ta kowa ƙarfi, kuma kamfanin ne da kansa ya koya mana. A 2017 Snyder ya bar aikin Justice League bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya ƙarasa, aka sake ɗaukar wurare da yawa. A lokacin Cavill ya tara gashin baki saboda wani fim da yake yi, ba a yarda ya aske ba, sai aka goge shi da kwamfuta, leɓensa na sama ya koma wani iri. Fim ya fito ya ba kowa kunya. Masoya suka shekara fiye da uku suna ihu a saki wanda Snyder ya haɗa da hannunsa, ana yi musu dariya, sai ga shi a watan Maris na 2021 an sake shi, awa huɗu cur. To wanda ya taɓa yin kuka aka ba shi, yaya za ka hana shi sake buɗe baki? Sannan yadda aka bar Cavill ya sanar da dawowarsa aka janye masa tabarma, ko a kasuwa wannan ba ɗabi'a ba ce. Haushinmu yana da tushe. Inda muka kauce shi ne da muka sauke shi a kan Corenswet, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, aiki kawai aka ba shi.

Na karya alkawari. Wata hidima ta kai ni Abuja a makon da fim ɗin ya fito, na shiga silima ina addu'ar kada in haɗu da wanda na sani. Na shiga ne in samo hujjar da zan kawo zaure.

Hujjojin kuwa na samo wasu. Mutane sun yi yawa a fim ɗin, ga Green Lantern, ga Hawkgirl, ga Metamorpho, kowa an jefo shi ba gabatarwa, kamar ka shiga biki a tsakiya ba ka san dangin ango ba. Akwai wuraren da zuciya ta fara karyewa sai a jefo barkwanci a ɓata. Tsakiyar fim ɗin, inda aka shiga wata duniyar da Lex Luthor, abokin gabar Superman, ya ƙera ya mayar kurkuku, ya cika hayaniyar kwamfuta har na duba agogo. Sannan sauyin da aka yi wa saƙon iyayensa na duniyar Krypton, inda aka nuna sun turo shi ne ya mallaki mutanen duniya, har yanzu bai kwanta mini ba, kuma na fahimci duk wanda ya ji an taɓa masa abin da ya sani tun yana yaro.

Abin da ban shirya masa ba shi ne in so mutumin. Akwai wani zama mai tsawo da Lois Lane, wadda Rachel Brosnahan ta fito a matsayinta, take yi masa tambayoyi a matsayin 'yar jarida, ba tashi sama, ba naushi, mutum biyu ne kawai a ɗaki. Ta tsare shi a kan wa ya ba shi izinin shiga tsakanin ƙasashe biyu ya hana yaƙi, shi kuma ya fusata, ya rasa amsar da ta wuce cewa mutane za su mutu. Kai da aikinka jarida ne, Edita, wannan wurin kaɗai ya isa ka kalla. Ban taɓa ganin Superman an ƙure shi da magana yana ɗaga murya kamar ɗan'adam ba. Iyayen riƙonsa kuma an nuna su talakawan karkara na jihar Kansas, uwar tana ɗaga murya a waya kamar yadda gwaggona take yi idan ta ga kiran daga nesa ne. Edi Gathegi, haifaffen Kenya, da ya fito a Mister Terrific, shi ya fi kowa samun tafi a ɗakin da na zauna. Karen nan da muka yi wa dariya, Krypto, yara na ganinsa sai ihu. Har da wani wuri da aka nuna Luthor, wato Nicholas Hoult, ya tara birai a gaban kwamfutoci suna ta rubuta zagin Superman a intanet. Mutane suka fashe da dariya. Ni dai na ɗan gyara zama.

Wani abin da shafinku ya haɗa da ra'ayin 'yan kallo kuma ba nasu ba ne, rigimar siyasar Amurka ce. Ana saura kwanaki fim ya fito Gunn ya faɗa wa wata jaridar Ingila cewa Superman baƙo ne ɗan ci-rani, kuma labarinsa labarin Amurka ne. Masu ra'ayin riƙau a can, har da masu sharhi a tashar Fox News, suka yi caa a kansa tun ba su kalla ba. To ai tun 1938 labarin ke nan: jariri daga wata duniya, mutanen duniyar nan suka tsince shi suka raine shi. Siegel da Shuster ɗin ma 'ya'yan Yahudawa 'yan ƙaura ne. Bayan fitowarsa kuma sai zance ya juya kan yaƙin da ke ciki, tsakanin ƙasashen ƙirƙira biyu, Boravia mai makamai da ƙawance da Amurka, da Jarhanpur ta talakawa. Jama'a da dama, har a nan wurinmu, sun ce Gaza suka gani. Gunn ya ce ba Gabas ta Tsakiya ce a ransa ba lokacin da yake rubutawa. Wannan muhawara ce mai kyau, amma ta wanda ya zauna ya gani ce, ba ta wanda ya ga yankin daƙiƙa talatin a TikTok ba.

Kuɗi ma an mayar da shi makami. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600 a duniya. 'Yan ɓangarenmu suka ce ai Man of Steel ya kusa miliyan 670 tun 2013, saboda haka an faɗi. Ɗaya ɓangaren suka ce a cikin Amurka sabon ya fi tsohon ciniki, saboda haka an ci. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba ɗaya da ke gaya maka ko fim ɗin zai yi maka daɗi. Abin da ya fi ba ni dariya, mu masu wannan lissafi a zaure babu mai ko sisi a kamfanin Warner, wasunmu ma fassarar Hausa suke jira a tura musu a waya. Kamfanin dai ya riga ya sanar da na gaba, Man of Tomorrow, a watan Yulin 2027.

Roƙona gare ka, Edita, idan za a sake rubutu a kan irin wannan fim, a tura marubucin ya kalla tukuna, ya zo ya gaya mana abin da idonsa ya gani, ko yabo ko suka, da sunansa a ƙasa. Idan kuma za a kawo abin da ake faɗa a intanet, a rubuta ranar da aka faɗe shi, domin mai karatu ya bambance wanda ya yi magana bayan ya fito daga silima da wanda ya yi tun 2022. Gani ya kori ji, amma sai an raba su a shafi.

Har gobe idan aka ce in zaɓa, Cavill zan ɗauka, kuma hotonsa ne a fuskar wayata. A cikinmu bakwai da muka yi alkawari, huɗu mun kalla, uku daga ciki a ɓoye, sai daga baya muka gano juna. Ragowar ukun suna nan a kan bakansu, kuma jiya da daddare ma ɗayansu ya turo saƙon murya na minti tara yana bayanin dalilin da ya sa fim ɗin bai yi ba.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna